Duwatsun da Marka Ta Ara wa Makaranta

Malama Zulai'atu ta dawo daga bitar kwana uku da aka yi wa malaman firamare a Yelwa da kwali guda ɗaure a bayan kabu-kabu, kanta kuma cike da sabon abu. Abin da aka koya musu shi ne a daina yanka wa ƙananan yara karatu gunduwa-gunduwa, lissafi daban, kimiyya daban, Hausa daban. A ɗauki batu ɗaya, a zuba komai a cikinsa, a yi mako uku ana juya shi. Aka raba wa malamai nahiyoyin duniya, ita Kudancin Amurka ta faɗo mata. A cikin kwalin akwai taswira, da katunan hotuna arba'in, da ɗan littafin jagora da aka buga da Turanci.

Makarantarta tana Tungar Balbela, a bakin tafkin Kainji cikin ƙasar Ngaski, inda ƙamshin bandar kifi ke shiga aji kafin malami ya shiga. Hedimasta, Malam Yakubu, ya leƙa kwalin ya ɗaga kati ɗaya ya juya shi sama ya juya shi ƙasa.

"Yanzu yaran ga da ko Kwantagora ba su taɓa zuwa ba, su za ki kai Amurka?"

"Ta kudu, Malam."

"To, Allah shi kai ku lafiya."

Maganar gaskiya, abin ya yi kyau, kuma kyan nan nasa shi ne ke ƙara mata ciwo duk lokacin da ta tuna. Ranar lissafi ta aro igiyar taru wajen masunta, aka auna tsawon mesar ruwa ta ƙasar can a filin makaranta, yara suka kwanta kai da ƙafa har sai da mutum shida suka cike igiyar. Ranar kimiyya ta nuna musu ayun kogin Amazon, ajin ya kaure da gardama, don kowa yana da kakan da ya taɓa ganin ayu a wannan ruwan namu, wasu har da wanda ya hau bayansa. A darasin Hausa suka rubuta jimloli a kan wata dabbar duwatsu mai dogon wuya, wadda suka raɗa wa suna raƙumi marar tozo. Da ta gaya musu rogo da gyaɗa daga can aka kawo su, wani uba ya tako har makaranta ya ce a daina yi wa ɗansa ƙarya da rana tsaka, gyaɗa tun kaka da kakanni ta nan ce. Yaran da a da sai an kamo su daga bakin ruwa suka koma riga ta zuwa aji.

Amma duk cikin 'yan aji uku da take koyarwa, wadda Malama Zulai'atu ta fi sa wa ido ita ce Tamada. Shekarunta takwas, ita kaɗai ce Bakambara a ajin, kuma daga wata unguwa a kan tudu take takowa, tafiyar sa'a guda. Kakarta Marka ce ta rene ta tun rasuwar uwarta, uban yana can kudu wajen aikin gona. Wata huɗu Zulai'atu ta yi tana bin tsohuwar nan a kasuwar Wara, inda take sayar da man kaɗe, tana lallashi, kafin ta yarda ta kawo yarinyar. Kuma ba Tamada kaɗai ake magana ba. Gidaje uku a unguwar sun ce za su gani tukuna: in ta ƙare shekara lafiya, ba duka, ba wulaƙanci, su ma za su turo nasu.

Zango guda cur Tamada ta yi a bencin baya ba a jin ko tarinta. Sai a makon nan na biyu, da aka ɗebo laka daga bakin tafki don a gina dabbobi, aka ga abin da ke hannunta. Sauran yara suna ta dunƙula abin da ba a san gabansa da bayansa ba, ita ta gina dabbar nan mai rataye a reshe, wadda suka kira sarkin kasala, har da faratanta. Aka kewaye ta ana kallo. Washegari ta ɗaga hannu, karo na farko tun zuwanta, ta tambaya da Hausarta mai nauyi ko damisar can ma tana ɗaukar awaki. Zulai'atu ta koma gida ran nan tana murmushi ita kaɗai a kan hanya.

A mako na uku aka zo kan mutanen nahiyar. Akwai katin makiyaya masu bargo mai launi-launi, da na 'yan ƙwallo, da na masu kiɗa a titi. Sai ta ɗaga wani kati na wata yarinya daga dajin Amazon, tana tsaye kusa da kwalekwale, duwatsu jere a wuyanta, jan zane a kumatunta.

"Malama, ga Tamada," in ji wata daga gaba.

Ajin ya fashe da dariya. Tamada ma ta yi dariyar, ta rufe baki da hannu. A nan ne ya kamata Zulai'atu ta tsaya ta yi tunani, mace mai takardar koyarwa da shekara tara a aji. Ina! Abin da ya zo mata shi ne an rage mata aiki. Ranar Alhamis za a rufe batun da wasan kwaikwayo a gaban iyaye da baƙi daga Wara, tana ta tunanin inda za ta samo kayan da za su yi kama da na katin, ga shi ashe kayan suna nan kan tudu. Har ta ga kamar karramawa ce, yarinyar da ba ta magana a ba ta fitowa ita kaɗai.

Da aka tashi ta kira ta. "Ki ce wa Kaka ta ara mana kayan adonku na gargajiya. Ranar Alhamis za ki sa su a gaban mutane. Ki ce ta zo ta gani."

Iyakar saƙon ke nan. Ba ta ce wa za ta fito a matsayinsa ba, don a ganinta wannan ba abin da tsohuwa za ta damu da shi ba ne.

Sai kuma maganar bayani. Hafsat, 'yar limamin tunga, ita aka ba sanarwa saboda muryarta. Littafin jagora ya yi dogon bayani a kan mutanen dajin, yadda suka san ɗaruruwan itatuwan magani, yadda suke fitar da dafin rogo, yadda suke da harsuna barkatai. Zulai'atu ta fassara, Hafsat ta yi ta tuntuɓe a kai. Ranar Laraba da yamma, ga gajiya, ga sauran shiri, ta ja layi ta soke duka, ta rubuta mata gajerun jimloli huɗu daga kanta, irin waɗanda yaro zai haddace kafin ya isa gida.

Alhamis da hantsi aka jera benci a ƙarƙashin darbejiya. Masunta suka bar gyaran taru suka zo, mata suka bar banda, baƙin Wara suka samu kujerun roba. Can sai ga Marka ta sauko da mata huɗu da 'yan mata ƙanana uku, waɗanda ake sa ran shigowarsu baɗi. Kowacce ta ci ado, jiki na sheƙin mai. Tamada tana tsakiyarsu, kuma ko Zulai'atu sai da ta tsaya kallo. Duwatsu jeri bakwai a wuyanta, ja da fari da shuɗi, awarwaron tagulla har gwiwar hannu, baƙin zane ɗan gajere mai ado a baki, an yi mata kitso tun daren jiya.

"Na uwata ne," in ji Marka, da Zulai'atu ta durƙusa ta gaishe ta. "Ba su fitowa sai biki. Da yarinyar ga ta ce makaranta na son a ga namu, na ce to, ashe an san da mu."

"Mun gode, Inna. Allah shi saka."

Ko wannan maganar ba ta farkar da ita ba, hankalinta yana kan baƙi. Ta ja Tamada bayan aji, ta duba kati, ta duba yarinya, ta ga saura abu ɗaya. Ta ciro jan-baki daga jakarta ta ja mata layi uku-uku a kowane kumatu. Tamada ta tsaya cak, idonta a rufe, har aka gama.

Wasa ya fara da kyau. Yara biyu suka shiga cikin bargo suka zama raƙumi marar tozo, na baya ya taka na gaba, aka sha dariya. Aka ja igiyar mesa aka ƙirga kamu da ƙarfi. Aka yi waƙar rogo da gyaɗa, uban nan mai gardama yana girgiza kai. Sannan Tamada ta fito da kwando a hannu, tana tafiya a hankali kamar yadda aka koya mata, duwatsun suna ƙara. Matan kan tudu suka gyara zama, ɗaya ta fara guɗa.

Hafsat ta buɗe murya yadda har na bakin ruwa zai ji.

"Waɗannan su ne mutanen daji. Ba su da gari, ba su da makaranta. Ba su san tufafi ba. Abin da suka kama shi suke ci."

Dariya ta tashi daga baya ta gangaro gaba. Wani mutum daga cikin masu tsayuwa ya ce, "Ai ba sai an je Amurka ba, ga su nan zaune bisa benci." Kawuna suka juya wajen matan. Wani ya nuna kumatun yarinyar, ya nuna na Marka, inda zanen gadonta yake jere tun tana jaririya, aka ƙara fashewa.

Abin da Zulai'atu ba ta iya yafe wa kanta ba har yau shi ne, ita ma tafi take yi. Ta ji dariya ta ɗauka wasa ne ya karɓu. Sai da ta juya don ta ga ko tsohuwar ta ji daɗi, ta ga fuskarta, sannan hannuwanta suka tsaya. Marka tana jin Hausa sarai, shekara arba'in tana ciniki da ita. Tamada kuwa tana tsakiyar fili da kwandonta, tana duban kakarta, tana duban masu dariya, ba ta san ko ta ci gaba da tafiya ko ta tsaya ba.

Marka ba ta tashi ba. Ta zauna a miƙe har aka yi jawabin godiya aka yi addu'a. Sannan ta kira jikarta, ta goge mata kumatu da bakin zanenta, ta cire duwatsun jeri-jeri ta zuba a ƙwarya ta rufe da faifai. Ta je ta yi wa hedimasta sallama yadda ya kamata. Suka kama hanyar tudu, ƙananan a gaba, manyan a baya.

Baƙin Wara suka yaba ƙwarai, suka ce za su ba da labarin makarantar. Malam Yakubu ya ce ya janye maganarsa, lallai an je Amurka an dawo lafiya. Zulai'atu tana ta cewa na gode, na gode, bakinta ɗaci.

Litinin Tamada ba ta zo ba. Talata ma haka.

"Girbin dawa ne," in ji Malam Yakubu. "Kin san su da aiki. Za ta dawo."

Zulai'atu ta san ba girbi ba ne, amma ta karɓi maganar don ta fi sauƙin ɗauka. Ranar kasuwar Wara ta shirya za ta je, ta kai har bakin titi, ta tuna wai tana da wanki. Kunya ce kawai, ba wani wanki. Haka ta yi ta ja har kwana goma sha shida, tana shiga aji tana kauce wa kallon bencin baya. Ran Asabar ta uku ta ɗauki katin ta sa a jaka, ta hau kabu-kabu har inda hanya ta ƙare, ta taka sauran da ƙafa.

Ta tarar da Marka a bakin rumbu tana sheƙar dawa. Tsohuwar ta ajiye ƙwarya, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta kawo ruwa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da mutanen gida da aiki, ba abin da aka rage. Wannan karɓar ta fi zagi zafi a wajen Zulai'atu.

"Inna, na zo ban haƙuri ne," ta ce. "Wallahi ba ku nake nufi ba. Wasu mutane ne na wata ƙasa mai nisa, bayan teku. Ga su nan."

Ta miƙa katin. Marka ta goge hannu a zane ta karɓa, ta nisanta shi daga ido, ta daɗe tana kallo.

"Kyakkyawa ce. Ɗiyar wa ce?"

"Ban sani ba, Inna."

"Mi sunanta?"

"Ba a rubuta ba."

"To su ɗin, gaskiya ne ba su san komai ba?"

Zulai'atu ta sunkuyar da kai. Da ta so, da ta ɗora wa littafi, ba mai ƙaryata ta a nan. "A'a. Littafin ya ce sun san magunguna, sun san ruwa, sun san noma. Ni na yanke, don ya yi wa mai karantawa tsawo."

Marka ta gyaɗa kai ta mayar mata da katin. "Da kin ce mini wata za ta zama, da na ba ta tsumma ta ɗaura. Ina da tsumma da yawa. Ni na ɗauka mu za a nuna, shi ya sa na kira mata su zo su gani da idonsu."

"Na yi kuskure. Ki bar ta ta dawo, don Allah. Zan tara yaran in gyara maganar a gabansu, in kin yarda ke ma ki zo ki gaya musu da bakinki. Yarinyar tana da kai, Inna, ban taɓa koyar da mai hannunta ba."

"Ni ban hana ta ba, ɗiyata. Kullum da safe sai na ce ta tashi ta tafi. Su maƙwabta dai sun ce nasu su dakata tukuna, wannan kuma ba ni da iko da shi." Ta juya wajen ɗaki. "Tamada, ga malamarku."

Sai da aka kira sau biyu ta fito. Ta lulluɓe da wani tsohon mayafi har goshi, a cikin zafin nan, ya sauko mata har ƙafa tana takawa. Ta durƙusa nesa da tabarma ta gaishe da Malama da Hausa, a hankali, tana auna kowace kalma kada ta karkace.

"Tamada, ajinmu ba daɗi ba ke," in ji Zulai'atu. "Mako mai zuwa za mu fara dabbobin ƙasar ƙanƙara. Akwai wani farin beyar, ba wanda zai iya gina shi sai ke. Za ki zo?"

Yarinyar ta kalli ƙasa. "A'a, Malama."

"Ba wanda zai ƙara yi miki dariya. Ni zan tsaya."

"A'a, Malama."

Ba kuka, ba fushi, kuma Zulai'atu ta yi shekarun da za ta gane irin a'ar da ba ta juyawa. Marka ta ce wa yarinyar wani abu da yarensu, ta amsa da Hausa, ta ɗauki tulu ta nufi rijiya.

Suka bi ta da kallo har ta sha kwanar rumbu. Zulai'atu ta mayar da ido kan hoton yarinyar dajin. Nadama ta cika mata ƙirji, ta yi ta juya katin a hannu.

"Kin ji yadda ta amsa mini," in ji Marka. "Tun ran nan ba ta ƙara yi mini magana da bakinmu ba. Ranar kasuwa ta ce in wuce gaba, ita za ta biyo daga baya. Na wuce." Ta ɗauki ƙwaryar dawa ta riƙe, ba ta fara sheƙa ba. "Shekaranjiya ina wanke fuska ta zo ta tsaya kaina. Ta ce, Kaka, in aka sa sabulu mai yawa, wannan yana fita?"

Marka ta taɓa zanen kumatunta da ɗan yatsa.

"Mi kika ce mata?" Zulai'atu ta tambaya.

"Na ce mata ba shi fita."

Ta ɗaga ƙwaryar ta juya wa iska baya, ta ci gaba da sheƙar dawarta.